Shin Ko Kun San? Filin Kurket na Wankhede da ke Mumbai

Da yawa daga cikinmu mun san Mumbai ne ta finafinan Indiya, amma ga mutanen birnin, kurket shi ne kan gaba. A filin Wankhede kuwa, ba ’yan wasa kaɗai ke yanke hukunci ba: teku da ƙasa da raɓa da ihun jama’a duk suna da ta cewa.

Shin ko kun san cewa saɓani ne ya haifi filin? Ƙungiyar kurket ta Bombay (wato Mumbai) ta samu rashin jituwa da masu filin Brabourne kan rabon tikiti, sai ta gina nata a kusa da shi, aka sa masa sunan S. K. Wankhede, ɗan siyasar da ya jagoranci aikin. Babban wasa na farko a cikinsa shi ne na Indiya da West Indies, a watan Janairun 1975.

Shin ko kun san cewa filin yana tsakiyar gari, a unguwar Churchgate, tsakanin titin jirgin ƙasa da bakin Tekun Arabiya? ’Yan kallo kan sauko daga jirgi su taka da ƙafa zuwa ƙofa. Bayan gyaran da aka yi masa don Gasar Kofin Duniya ta 2011, yana ɗaukar mutum kusan 33,000.

Shin ko kun san cewa iskar teku tana taya mai jifa? Da yamma, idan iskar ta taso, sabuwar ƙwallo kan karkace a sama kafin ta isa ga mai bugu. Shi ya sa masu jifa da ƙarfi ke ɗokin farkon wasa a nan.

Shin ko kun san cewa da jar ƙasa ake shimfiɗa tsakiyar filin? Wannan ziri mai tsawon mita 20 shi ne zuciyar wasan. Jar ƙasa tana sa ƙwallo ta yi tsalle sosai, amma tana saurin bushewa. A wasan kwana biyar, in ta fara tsattsagewa, sai ranar masu murza ƙwallo da yatsu ta zo. Da wannan salon ne Ajaz Patel na New Zealand, haifaffen Mumbai, ya fitar da duka masu bugu goma na Indiya shi kaɗai a Disamban 2021. Kafin shi, mutum biyu ne kawai suka taɓa yin haka a wasa irin wannan: Jim Laker a 1956 da Anil Kumble a 1999.

Shin ko kun san cewa raɓa tana sauya wasan dare? Da duhu ya yi, ciyawa kan jiƙe, ƙwallo ta koma tamkar sabulu a hannu. Mai jifa ya kasa riƙe ta da kyau, sai ka gan shi da tawul a ƙugu yana ta gogewa. Saboda haka kyaftin da ya ci ƙuri’ar jefa tsabar kuɗi yakan zaɓi yin jifa tun da wuri, ya bar abokin karawa da jiƙaƙƙiyar ƙwallo.

Shin ko kun san cewa zafi da gumin Mumbai sun kusa kayar da gwarzo? Ranar 7 ga Nuwamban 2023, Glenn Maxwell na Ostireliya ya yi ta fama da ɗaurewar jijiya har ya kasa gudu, amma a haka ya ci maki 201 ya ƙwace nasara daga hannun Afganistan.

Shin ko kun san cewa ihun ’yan kallo ya taɓa sa an maimaita ƙuri’a? A wasan ƙarshe na Kofin Duniya, ranar 2 ga Afrilun 2011, alƙalin wasa Jeff Crowe bai ji abin da kyaftin ɗin Sri Lanka, Kumar Sangakkara, ya faɗa ba, dole aka sake jefa kuɗin. A wannan daren M. S. Dhoni na Indiya ya rufe wasan da bugun da ya haye fili, Indiya ta ɗauki kofin bayan shekara 28.

Shin ko kun san cewa a nan Sachin Tendulkar na Indiya ya yi bankwana da kurket? Wasansa na 200 na kwana biyar, a Nuwamban 2013, a garinsu ya buga shi, jama’a na rera sunansa har ya fita. A 2023 aka kafa mutum-mutuminsa a filin.

Duk wanda zai kalli wasa a Wankhede, ya fara duba lokacin da za a buga shi. Wasan rana daban, na dare daban.