Alli da Takarda a Hannun Mai Ciwon Zuciya

Duk wanda ya saba ratsa Kwaciri zuwa Sabon Gari ya san irin mutumin nan da kan zauna gindin katanga, ya ɗauki gawayi yana ta zane-zane. Yara su yi masa ature, manya su kau da kai su ce taɓaɓɓe ne. Ba mai tsayawa ya dubi abin da ya zana. To, masana sun daɗe da tsayawa suna dubawa.

A shekarar 1922 wani likita Bajamushe, Hans Prinzhorn, ya buga littafi a kan zanen masu taɓin hankali, bayan ya tara dubbansu a Heidelberg. Wani mai zane kuma a Ingila, Adrian Hill, tarin fuka ya kwantar da shi, ya ga zane na rage masa zullumi, har ya shiga koya wa 'yan'uwansa majinyata.

Amma abin da ya fi kusa da mu a Abeokuta ya faru. A 1944 aka mai da wani tsohon kurkuku a Lantoro gidan ajiye masu taɓin hankali, cikinsu har da sojan da suka komo daga yaƙin duniya na biyu da kawunansu a rikice. Ulli Beier, malamin da ya iso Ibadan a 1950, ya ziyarci gidan, ya tarar da mutane zaune ba aikin fari ba na baƙi. Sai ya riƙa kai musu takarda da fenti. Bai ce su zana kaza ba, ya dai bar su da abin da ke ransu. Waɗanda aka ɗauka ba su da sauran magana sai ga shi suna da ita, a takarda. An tara zanen nan cikin littafi mai suna Luckless Heads a 1982. A garin ne kuma Dokta Adeoye Lambo ya fara, a 1954, saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro tare da danginsu, maimakon kulle su.

Mu kuwa abin ba baƙo ba ne a wurinmu, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Dubi mai ɗinkin hula a zauren Fagge, ko mai zayyanar allo: hannu na aiki, ido na bin zare, zuciya ta sami wurin sauka. Mai takaba ma da ta kama saƙa ta san haka.

Kada dai a ɗauka zane zai maye gurbin likita. Wanda barci ya ƙaurace masa, ko yake jin muryoyi, asibitin Dawanau ya kamata a kai shi. Sai dai malamin makaranta da ya ga yaro ya yi jugum makonni, ya daina wasa, kafin ya ɗauko bulala ya miƙa masa alli tukuna, sa'an nan ya tambaye shi a hankali ko wane ne wannan da ya zana.