Amurka: Yadda kuɗi suka mayar da ƙwallon jami'o'i kasuwa

A watan Satumban 2024, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta jami'ar Nevada da ke Las Vegas ta ci wasanninta uku na farko. Ana cikin murna sai Matthew Sluka, mai jefa ƙwallon da ke jagorantar kai hari, ya ce ya daina wasa. Wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala dubu 100 da baki, ba a cika ba.

A da, guraben karatu kawai ɗalibai ƴan wasa ke samu, yayin da jami'o'i ke kwasar kuɗin talabijin. A ranar 1 ga Yulin 2021 hukumar NCAA ta ba su damar cin moriyar sunansu da hotonsu ta hanyar talla. A Yunin 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken ta amince jami'o'i su riƙa biyan ƴan wasansu kai tsaye, har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, sama da miliyar 11 na kuɗin CFA.

Masu jefa ƙwallo su suka fi tsada, domin ta hannunsu kowane hari ke farawa. Tunda sauya jami'a ya yi sauƙi, Carson Beck ya bar Georgia zuwa Miami, Nico Iamaleava ya bar Tennessee zuwa UCLA.

Ƙananan jami'o'i ne ke jin jiki: su raini yaro, da ya yi fice manya su ɗauke shi.