Gidan 'Yar Tsana: Aikin Farko Ga Mai Koyon Kafinta

A fadar Windsor da ke Ingila akwai wani ɗan gida da aka kammala a shekarar 1924 domin Sarauniya Mary, matar Sarki George na Biyar. Shahararren mai zanen gine-ginen nan, Sir Edwin Lutyens, shi ya tsara shi. Duk da ƙanƙantarsa, an sa masa wutar lantarki da famfunan da ke zubo ruwa. Gidan 'yar tsana ne, kuma an gina shi bisa ma'aunin 1 cikin 12, wato kowane inci 1 a jikinsa yana wakiltar ƙafa 1 a gidan gaske.

Ɗalibin sakandare ba zai tunkari irin wannan gagarumin aiki ba. Amma wannan ma'auni shi ne zai yi amfani da shi idan ya ƙera nasa ɗan gidan mai ɗakuna 2 ko 4, wanda a zahiri akwati ne buɗaɗɗe ta gaba, mai bango a tsakiya da jinka a bisa. Amfaninsa ga mai koyo shi ne ba ya cin katako mai yawa, kuma ba ya ɓoye kuskure.

Aikin yana farawa ne a kan takarda. Ɗaki mai faɗin ƙafa 12 zai koma inci 12, ƙofa mai tsawon ƙafa 7 ta koma inci 7, kimanin santimita 18 ke nan. Haka kuma kuskuren milimita 3 a nan daidai yake da milimita 36 a ginin gaske, gibin da ya isa ya hana ƙofa rufuwa. Malamin lissafi ma zai sami abin koyarwa: idan tsawo ya ragu sau 12, faɗin fili yakan ragu sau 144, cikin ɗakin kuwa sau 1,728.

Kuskuren da ya fi kama sababbin masu koyo shi ne mantawa da kaurin katakon kansa. Alal misali, idan ana son faɗin gidan ya zama santimita 60 daga waje, kuma kaurin kowane bango milimita 9 ne, to daɓen da zai shiga tsakanin bangwayen biyu santimita 58.2 zai zama. Wanda ya yanka 60 cif sai ya sake yanka. Zarto ma yana da nasa rabo, domin yakan cinye milimita 1 ko fiye ya mayar da shi gari. Shi ya sa kafintoci ke bin gefen layin fensir ta ɓangaren da za a yar, ba tsakiyarsa ba.

Sai batun katako. Itace yakan sha danshi ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu, kuma wannan motsi ya fi yawa ta faɗin katako, kusan babu shi ta tsawonsa. Saboda haka falanki mai faɗi yakan lanƙwashe ko ya tsage. Filawud ya fi dacewa da wannan aiki, domin siraran sallayen itace ne aka manne, jijiyoyin kowane salle sun gitta na wanda ke ƙarƙashinsa, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Yawanci adadin sallayen mara ne, 3 ko 5 ko 7, don fuskokin biyu su daidaita. Icen maɗaci yana da kyau da ƙarko, amma taurinsa zai gajiyar da hannun da bai saba da zarto ba.

Kafin a shafa gam, wajibi ne a jera dukkan sassan a ga sun zauna. Bayan an haɗa su, tun gam bai bushe ba, sai a auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan a auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu ya zo ɗaya, kusurwoyin sun cika digiri 90. Inda babu sikwaya, ƙa'idar Fitagoras ta wadatar: a auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama 50. Allon baya, in an yanka shi daidai, shi ke hana akwatin karkacewa.

Ƙusa a bakin siririn katako takan tsaga shi, don tsininta yana raba jijiyoyin itacen. Maganin shi ne a fara huda ɗan rami, ko a dakushe tsinin da guduma.

Tun da yara ƙanana ne za su yi wasa da gidan, a goge kowane kaifi da sanfefa, a tabbata babu tsinin ƙusa da ya leƙo ciki. A kuma duba gwangwanin fenti kafin a saya, domin fenti mai dalma yana cutar da ƙwaƙwalwar yaro, kuma yaro ba ya rabuwa da sa abu a baki.