Labarin jiki a tambayi fuska

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masana ma sun yarda da haka. Suna da wata kalma, facies, ana karanta ta "fasiyes". Asalinta daga Latinanci ne, harshen Romawa na dā. Ma'anarta fuska ko kamanni. Turancin Ingilishi da Faransanci duka sun are ta. A wurin likitoci, tana nufin kamannin da cuta ke sa wa fuskar mutum.

Wannan ilimi ya daɗe. Kimanin shekara 2,400 da suka wuce, wani likita na ƙasar Girka, Hifokiratis, ya bayyana fuskar wanda ciwo ya ci ƙarfinsa: hanci ya tsuke, idanu sun faɗa, kunnuwa sun yi sanyi. Har yau ana koya wa likitoci wannan.

Mu ma a nan Kurfai muna iya karanta fuskar ƴaƴanmu. Ga alamomi huɗu.

Ta farko: yaro yana zawo, idanunsa sun faɗa, bakinsa ya bushe, maɗigar jariri ta lotsa. Ruwan jikinsa ne ya ƙare. Mu zuba ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na likita cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Mu riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Uwa ta ci gaba da ba da nono.

Ta biyu: kumatu sun kumbura, gashi ya yi ja. Kada mu ce ƙiba ce. Mu danna bayan ƙafafunsa biyu, mu ƙirga uku. Idan gurbin yatsa ya zauna, tamowa ce mai tsanani.

Ta uku: fuskar yaro ta yamutse kamar ta tsoho. Ita ma tamowa ce.

Ta huɗu: mu ja fatar ido ta ƙasa. Idan cikinta ya yi fari, jini ya ragu. Zazzaɓin cizon sauro yakan kawo haka, musamman da damina.

Duk wadda muka gani cikin huɗun nan, mu kai yaro gidan likita a ranar. Kada mu jira ranar kasuwa.

Ƙasar noma ma tana da tata fuska. A shekarar 1838, wani masani ɗan ƙasar Suwis, Amans Giresli, ya yi amfani da kalmar nan wajen nazarin duwatsu. Ya nuna cewa kamannin dutse suna faɗin irin wurin da ya samu. Garinmu Filinge yana cikin Dallol Boso. Yashin kwarin shaida ne cewa babban kogi ya taɓa bi ta nan. Shi ya sa ruwan rijiya ya fi kusa a kwari bisa ga kan tudu.

Manomi ya duba gonarsa kamar yadda uwa ke duba ɗanta. Idan ƙuduji ya yawaita cikin hatsi, ƙasa ta gaji, tana son taki. Idan ta zama faƙo, ruwan sama ba ya shiga. Sai mu haƙa tassa ko rabin wata tun da rani, mu zuba taki a ciki.

Kowace safiya mu dubi fuskar yaro a cikin haske. Cutar da aka gane da wuri ta fi saurin jin magani.