Namiji da Mace a Cikin Tsirrai: Yadda Ake Samar da Iri Mai Haihuwa Zalla

Tun daga 1978 da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, noman rani ya zauna da gindinsa a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Shinkafa ce ta fi cin fili, amma a lambuna da gefen magudanan ruwa da cikin gidaje ana dasa itatuwan marmari, ciki har da gwanda. Duk wanda ya taɓa dasa ta ya san wani takaici guda. Mutum zai yi wata huɗu zuwa shida yana ban ruwa, yana sayen man inji da taki, sai ranar da fure ya fito ya tarar kusan rabin itatuwan maza ne, ba za su ba shi ko ɗa guda ba. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma gwanda ba ta bin wannan magana. Masu lambu kan duba launin ƙwaya ko siffar saiwa don su gane macen, sai dai bincike bai tabbatar da waɗannan alamu ba.

Asalin matsalar

Yawancin tsirrai suna haɗa ɓangaren namiji da na mace a cikin fure ɗaya, kamar kuɓewa da rama da tumatir. Wasu kuma, kamar masara da kabewa, furen namiji daban, na mace daban, amma duk a jikin tsiro guda. Akwai kashi na uku, wanda bai wuce shida cikin ɗari na tsirrai masu fure ba, inda namiji ke tsayawa da gindinsa, mace ma da nata. Dabino da giginya da goruba da kanya duk suna cikin wannan kashi.

A jikin da yawa daga cikin irin waɗannan tsirrai, jinsi yana rataye ne a kan wasu zarurruka na gado da ake kira kuromosom, kamar yadda yake a jikin ɗan Adam. Mace tana da X biyu, namiji kuwa yana da X ɗaya da Y ɗaya. Uwa ba ta da abin da za ta bai wa ƙwaya sai X. Garin furen namiji ne ya kasu biyu, rabi X, rabi Y, don haka shi ke yanke hukunci. Wannan ne dalilin da ya sa iri ke fitowa rabi maza, rabi mata. Daga nan masana suka yi wata tambaya: idan aka samu garin furen da babu Y a cikinsa fa? Amsar a fili take. Duk ƙwayar da aka yi barbararta da shi mace za ta fito.

Yadda aka sa mace ta yi furen namiji

An warware wannan tambaya a kan tsiron wiwi, wanda shi ma namijinsa daban, macensa daban. A wasu ƙasashe, kamar Faransa da Sin, ana noma wani nau'insa mai ƙarancin sinadarin maye domin zare da mai, kuma Amurka ta halatta noman wannan nau'i a 2018. A Nijeriya kuwa dokar 1966 ta haramta noman wiwi, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ce ke kula da wannan hani. Abin da ya shafi mai lambu a nan shi ne darasin kimiyyar da ke ciki.

Masana sun gano cewa wata iska da tsiro ke fitarwa da kansa, mai suna etilin, tana tura fure zuwa ga siffar mace. Ita ce dai iskar da ke nunar da ayaba da mangwaro. A 1982, wasu masana biyu na Jami'ar Delhi a Indiya, Mohan Ram da Sett, suka nuna cewa sinadaran azurfa suna toshe aikin wannan iska, har tsiro mace ya fitar da furannin namiji masu garin da ke barbara. Siffar furen ce ta sauya, amma gadon tsiron yana nan X biyu. Saboda haka 'ya'yan da aka samu da wannan gari kusan dukkansu mata ne. Kamfanonin iri suna amfani da dabara mai kama da wannan wajen kokwamba, domin su adana nau'o'in da ke yin furen mace zalla, waɗanda suka fi yawan 'ya'ya.

Dabarar tana da nata aibi. Idan aka riƙa barbarar tsiro da danginsa na kusa, zuriyar kan yi rauni. Haka kuma zafi ko ƙishirwa na iya sa mace ta fitar da 'yan furannin namiji ba tare da an so ba.

Gwanda da jinsinta na uku

Mai gwanda ba ya bukatar azurfa, domin halitta ta riga ta ba shi mafita. Gwanda tana da jinsi uku. Namiji yana fitar da ƙananan furanni masu yawa a kan dogayen sillaye da ke reto. Mace tana da babban fure manne da gangar jiki, 'ya'yanta kuma kewayayyu ne. Na uku shi ne mata-maza, mai dogon fure da ya haɗa ɓangarorin biyu, wanda ke barbarar kansa, ya ba da 'ya'ya masu tsawo.

Tun a 1938, Storey a tsibirin Hawai da Hofmeyr a Afirka ta Kudu suka bayyana yadda ake gadon waɗannan jinsuna, kuma a 2004 aka tabbatar cewa gwanda tana da nata kuromosom na Y. Mata-maza yana ɗauke da X ɗaya da wani nau'in Y da ya ɗan sauya. Duk ƙwayar da ta gaji Y biyu ba ta rayuwa. Daga nan lissafin ya fito kamar haka. Idan namiji ya barbari mace, rabi maza ne, rabi mata. Idan mata-maza ya barbari mace, rabi mata ne, rabi mata-maza. Idan kuwa mata-maza ya barbari kansa, cikin kowane uku, biyu mata-maza ne, ɗaya mace. A hanyoyi biyun ƙarshe babu namiji ko ɗaya, kowace itaciya tana haihuwa. A kan wannan ginshiƙi aka gina nau'o'i irin su Solo na Hawai da Red Lady na Taiwan.

Abin da mai lambu zai iya yi

Manomi a Bakura ko Maradun zai iya samar da irin nan da hannunsa. Sai ya zaɓi itaciyar mata-maza lafiyayya mai zaƙin 'ya'ya, ya rufe furen da 'yar jakar takarda tun bai buɗe ba, ya ɗaure bakinta, ya sa wa sillen alama. Bayan kamar mako guda sai ya cire jakar. Ƙwayar wannan ɗan gwanda kaɗai zai ajiye a matsayin iri. Rufewar tana da muhimmanci, domin iska da ƙwarin dare suna ɗauko garin namiji daga lambun maƙwabci, kuma da zarar ya shiga, maza za su dawo cikin zuriyar.

Wanda ba shi da irin da ya yarda da shi, sai ya dasa uku a rami ɗaya, ya rage idan fure ya fito. Yiwuwar duka ukun su zama maza ɗaya ce cikin takwas. Idan lambun mata ne zalla, a bar namiji ɗaya ga kamar mata goma, in ba haka ba furanni za su zube. A kuma lura cewa tsananin zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yakan sa mata-maza ya yi furannin da ba sa ɗaukar ɗa. Wannan ba dalilin sare itaciya ba ne, domin takan koma haihuwa idan yanayi ya sassauta.

Dabino ya fi tsada a wannan fanni, domin wanda ya shuka ƙwallo yakan jira shekara biyar zuwa takwas kafin ya san abin da ya samu. Hanyar da ta tabbata ita ce dasa 'ya'yan gindi da aka ɓalle daga uwa mace, tunda su jikinta ne. A 2011 masana a Ƙatar sun gano sashen gadon da ke rarrabe jinsin dabino, abin da ya buɗe ƙofar gwada ganyen ɗan tsiro tun yana ƙarami. A Nijeriya, cibiyar binciken kwakwar manja ta NIFOR tana da reshen dabino a Dutse, Jihar Jigawa.

Kammalawa

Ruwan Bakolori yana da iyaka, man inji ma da tsada, kuma kowace itaciyar da ba ta haihuwa ta sha rabon wata. Jakar takarda da zare da sanin furen mata-maza sun isa su rage wannan asara tun daga zaɓen iri. Ya kamata malaman gona da ɗaliban kwalejin aikin gona ta Bakura su kai wannan lissafi har bakin lambu, domin yanke hukuncin namiji ko mace yana faruwa ne a cikin fure, watanni da dama kafin a kai ƙwaya ƙasa.