Kafin Mu Aika Kuɗin Rijiya Gida



Ruwan famfon da muke sha a nan Villeurbanne daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ana jawo shi daga rijiyoyi 114 na Crépieux-Charmy, a bakin kogin Ron, inda yake tsatsafowa a hankali cikin yashi da tsakuwa. Yashin nan kamar rariya yake, yana tare datti da ƙwayoyin cuta masu yawa.

Amma ba komai yake tarewa ba. A 2022 aka bankaɗo cewa sinadaran PFAS daga masana'antun Pierre-Bénite, kudu da Liyon, sun shiga ƙasa da ruwa. A 2023 hukuma ta shawarci mutanen wasu garuruwan yankin su daina cin ƙwan kajin gida. Rijiyoyinmu suna sama da wurin, amma akwai darasi: abin da aka zubar a ƙasa ba ya zama wuri ɗaya, ruwa na tafiya da shi.

A gida lamarin ya fi haka haɗari. Kano da Zariya da Kumasi a kan dutse mai tauri suke. Idan an wuce ƙasar sama, ruwa ba ya ratsa dutsen, sai dai ya bi tsaginsa. A cikin tsagi gudu yake, babu mai tace shi. Shi ya sa ƙazantar masai ko ta kwata kan yi nisa ta faɗa rijiya, ruwan kuma garau, ba wari. Daga nan sai gudawa, taifot ko kwalara.

Da yawanmu muna aika kuɗi a haƙa rijiya ko burtsatse don sadaka mai gudana. To, mu kafa sharuɗɗa:

A nisanta ta da masai aƙalla mita 30, a kan dutse ma a ƙara, kuma kada ta zama a gangaren masai.
A ɗaure bakinta da siminti.
A kai ruwan gwaji kafin a fara sha, a sake da damina.

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da sinadari. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya karɓi sadakarmu, Ya ba mu lafiya.