Daga Kyamara Zuwa Bango: Yadda Ake Wanke Hoton Da Zai Daɗe

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kachiya ya san duwatsun Kajuru, da kuma ginin nan mai siffar fadar sarakunan Turai na dā, wanda wani Bajamushe, Gerhard Huebner, ya gina da dutse a shekarun 1980. Masu yawon buɗe ido sun sha ɗaukar hotunan wurin, amma galibinsu a waya suke ƙarewa, ranar da wayar ta ɓace ko ta lalace, shi ke nan. Ga gwanayen sana'ar kuwa, danna kyamara rabin aiki ne, sauran rabin yana wajen wanki.

Tun a wajen ɗauka ake fara gyara. Hasken tsakar rana yana da kaifi, yakan ƙone fuskar dutse ya bar inuwa baƙa ƙirin. Shi ya sa ake sammako ko a jira la'asar sakaliya, lokacin da rana ke haskowa ta gefe, tsagar dutse da kaushinsa su fito fili. Sannan a ɗauka a tsarin RAW, wanda ke adana duk abin da kyamara ta gani, maimakon JPEG da ke zubar da wani ɓangare. Hoton da ya bi ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi, da an faɗaɗa sai ya dagargaje.

Girma ma da lissafinsa. Wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, wato hoto mai inci 20 da kusan 13.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne tsakanin kwamfuta da takarda. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta, don haka abin da ya yi kyau a allo yakan fito da duhu. Mai wayo yakan rage hasken allon, ya fara wanke ɗan yanki, ya fita da shi bakin ƙofa ya duba: shin inuwar gindin dutsen ta cushe, ko ana iya ganin ciyawar da ke cikinta? Sai ya gamsu yake sa babbar takarda.

Tawada iri biyu ce. Mai narkewa kamar rini tana da araha da sheƙi, amma tana saurin koɗewa. Mai garin launi, wadda manyan firintocin Epson da Canon ke amfani da ita, takan yi shekaru da dama, musamman a kan takardar auduga marar asid irin ta kamfanin Hahnemühle na Jamus. Bayan ya bushe, mai hoton yakan sa hannu da fensir, ya rubuta lamba kamar 3/10, alkawari ke nan cewa goma kawai zai wanke.

Saura firem. A sa kwali tsakanin hoto da gilashi, domin danshin daminar kudancin Kaduna yakan manne su ya kawo fumfuna. A liƙe bayansa saboda ƙurar hunturu, kuma kada a rataye shi inda rana ke bugawa.

Hoto mai kyau yakan yi nisa: aikin J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriyar da ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya kai har baje kolin Benis na Italiya a 2013. Matasan Kajuru da Kufana da Kasuwan Magani masu riƙe da kyamara ba su rasa abin ɗauka ba. Ku zaɓi hoto ɗaya mafi kyau a bana, ku kashe masa kuɗin takarda da tawadar kirki, ku sa hannu.